Tambayi Mai Gyara: Kati Mai Giga Huɗu Ko Mai Giga Biyu?

Wasiƙun da suka zo mini a wannan watan kusan duk a kan abu ɗaya suka tsaya, wato tsofaffin katunan girafik, masu sarrafa hoton da ke fitowa a allo, da ake cusa wa kwamfutocin tokumbo don a buga gem. Ga alama hutun makaranta ne ya jawo haka, domin ko a shagona da ke kusa da Taminus a nan Jos, yaran da ke shigowa da kati a leda sun fi masu kawo firinta yawa. Na zaɓi guda biyar.

Malam, barka da aiki. Ina da Dell OptiPlex 7010, siririyar nan, mai i5-3470 da ram giga 8. Ina son buga GTA V da Valorant da tsohon PES. Na samu kati biyu kusan kuɗi ɗaya: GT 730 mai giga 4 da GT 1030 mai giga 2. Abokaina sun ce in ɗauki mai giga 4 tunda ya ninka ɗayan. Wanne zan saya? (Wani ɗalibi, Unguwar Rogo)

Ƙanena, abokanka sun so ka da alheri amma sun yi lissafin dokin rano. Ka ɗauki GT 1030, bisa sharaɗi guda da zan faɗa maka a ƙasa.

Ka taɓa tsayawa a kasuwar Farin Gada da asuba lokacin da motocin tumatir suke shigowa? Abu uku ne ke sa a sauke mota da wuri: yawan 'yan dako, faɗin hanyar da za su bi da kwanduna, sai filin da za a jibge kayan. Gigan da aka rubuta da manyan baƙaƙe a jikin kwali shi ne filin. In fili ya kai na ƙwallo amma 'yan dako huɗu ne kuma lungun da za su bi mutum ɗaya yake ɗauka, motar nan za ta kai azahar ba a gama ba. A katin girafik 'yan dakon su ne ƙwayoyin aiki da ke cikin guntun da ke tsakiyar katin, wato ƙwaƙwalwarsa, filin shi ne memori, hanyar kuma ita ce saurin da memori ke miƙa musu kaya. Masu sayarwa sun san ido a kan giga yake faɗawa, shi ya sa shi kaɗai suke ƙawatawa.

To ga inda GT 730 ke cutar mutane. Kamfanin Nvidia ya fitar da shi a 2014, kuma kati uku ne daban-daban suke amsa wannan suna ɗaya. Akwai mai ƙwayoyi 96 kacal, wanda aka gina a kan tsohon tsarin Fermi da memorin DDR3. Akwai mai ƙwayoyi 384 na tsarin Kepler amma shi ma da DDR3, wanda hanyarsa ba ta wuce giga 14.4 a daƙiƙa ba. Sai na ukun, mai 384 da memorin GDDR5, wanda ke kai giga 40 a daƙiƙa. Wannan na ukun ne kaɗai mai ɗan abin kirki, kuma shi ne ya fi wahalar samu. Mafi yawan masu giga 4 da suka biyo ta teburina, da na duba sai in tarar mai 96 ɗin nan ne aka lafta masa memori mai araha. Kama da wane ba ta wane. Ƙarin takaici kuma, Nvidia ta daina yi wa katunan Fermi sabon direba, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta iya aiki da katin, tun 2018, don haka akwai gem ɗin da ko buɗewa ba zai yi ba.

Za ka ji ana cewa ai masu Valorant da kansu sun rubuta GT 730 a jerin abin da zai ba da hoto 60 a daƙiƙa lokacin da suka saki gem ɗin a 2020. Haka ne sun rubuta. Amma kada ka ɗauka mai 96 ɗin zai cika maka wannan alkawari.

GT 1030 kuwa na 2017 ne, tsarin Pascal, ƙwayoyi 384, wuta wat 30 kawai yake sha. Ƙwayoyinsa sun fi na Kepler gudu nesa ba kusa ba. GTA V zai tafi a kansa lafiya in ba ka yi zarin ɗaga saiti ba, Valorant kuma ko a jikinsa, tsohon PES ma haka.

Yanzu sharaɗin. A 2018 an fito da wani GT 1030 mai memorin DDR4, suna ɗaya, kwali kusan ɗaya, giga biyun ma ɗaya. Na asali mai GDDR5 hanyarsa giga 48 ce a daƙiƙa, shi kuwa wannan 16.8. A gem da yawa kusan rabin ƙarfin na asalin yake bayarwa. Ka juya kwalin ka nemi inda aka rubuta GDDR5, ko D5 a cikin lambar katin. In ka ga D4, ajiye musu kayansu. In ba kwali, ka ce a jona shi a gabanka a buɗe manhajar GPU-Z, kyauta ce kuma ƙarama, za ta nuna maka irin memorin ƙarara. Mai shagon da ya ce ba wuta ko ba lokaci, ka ce masa za ka dawo in an kawo.

Abu na ƙarshe, tunda kwamfutarka siririya ce, gajeren kati za ka nema, kuma ka tabbata an haɗo maka da gajeren ƙarfen baya. Na sha ganin yara sun cire ƙarfen gaba ɗaya sun bar kati yana lilo, ko sun lanƙwasa dogon da filaya. Yana aiki, har ranar da wani zai ja wayar monita.

Oga, ina da gidan gem a Bauchi Road, PS4 ne a ciki. Ina so in ƙara kwamfuta shida saboda yara suna neman GTA da sabon ƙwallo. An kawo mini maganar GTX 750 Ti, RX 550 da GTX 1050 Ti. Wani kuma ya ce in bar su duka in ɗauki RX 580 mai giga 8 tunda ya yi araha yanzu. Rabin yini da janareta nake aiki. Me ka gani? (Mai gidan gem, Bauchi Road)

Ɗan'uwa, kai ba gem kake bugawa ba, sana'a kake yi, don haka lissafinka daban ne da na ɗalibin da ke sama. Abin da zai yanke maka hukunci kalma ɗaya ce da ka faɗa: sabon ƙwallo.

Daga FIFA 23 ne kamfanin EA ya ɗaga mafi ƙarancin abin da gem ɗin ke buƙata a kwamfuta zuwa GTX 1050 Ti ko RX 570, kuma a kan haka aka tafi a FC 24 da ya gaje shi. Wato a cikin ukun da aka kawo maka, 1050 Ti ne kaɗai ya taka layin, shi ma da ƙyar. A kansa za ka sauke saiti ƙasa, ka haƙura da kyallin ciyawa, amma ƙwallo za ta gudana. Sauran biyun, in ka matsa musu, gem zai riƙa tsaitsayawa daidai lokacin da yaro ya doshi raga, kuma ka fi ni sanin abin da ke biyo baya a gidan gem in aka yi haka. Wanda aka ci zai ce na'ura ce, ba zai biya ba.

Ina da rauni a kan GTX 750 Ti, ba zan ɓoye ba. Ya fito a Fabrairun 2014 a kan dala 149, ƙwayoyi 640, giga 2 na GDDR5, wat 60, kuma galibinsu ba sa neman wata wayar wuta daban, daga ramin madabod, wato babban allon cikin kwamfuta da ake soka su a kai, suke sha. A zamaninsa abin mamaki ne. Shi ne katin da ya mayar da kwamfutocin ofis na'urar gem a garin nan, kuma har yau akwai ɗaya a kwamfutar da 'ya'yana ke amfani da ita a gida, fankarsa tana ƙara kamar keken ɗinki amma bai taɓa ba ni kunya ba. Yana gaban GT 1030 a yawancin gem. Sai dai ya haura shekara goma, kuma giga biyu ta yi wa gem ɗin yanzu kaɗan. A nan ne giga ke da amfani: in 'yan dako sun wadata, to fili ma sai ya wadata.

RX 550 na AMD ne, 2017, wat 50, ƙwayoyi 512 a na farkon. Ajinsu ɗaya da GT 1030 mai kyau, wani gem wannan ya wuce, wani gem wancan. Akwai mai giga 4, yana da gajere, ba shi da laifi ga mai kwamfuta ɗaya a ɗaki. Ba na kasuwanci ba ne.

GTX 1050 Ti kuwa Oktoban 2016 ya fito, ƙwayoyi 768, giga 4, hanyar memori giga 112 a daƙiƙa, wat 75. Wannan 75 ɗin ita ce iyakar abin da ramin madabod ke iya bayarwa, shi ya sa yawancinsu ba sa buƙatar ƙarin waya. In ka ci karo da GTX 1650 na 2019 a farashin da bai yi nisa ba, ya fi shi ƙarfi kuma shi ma wat 75 ne, ka ɗauka ba shawara.

Maganar RX 580, gaskiya ne ya fi su duka ƙarfi, ba ma kusa ba. Amma zauna ka yi lissafi da biro. Wat 185 yake sha. Guda shida wat 1,110 ke nan, katunan kaɗai, ba a sa furosesa da monita da fankar sama da firijin lemo ba. 1050 Ti guda shida wat 450 ne. Bambancin nan fetur ne kullum. Sannan yana buƙatar wayar wuta mai ƙafa takwas, wadda fawa-fak ɗin kwamfutocin ofis, wato akwatin da ke raba wuta a cikinsu, ba su da ita, sai ka sake sayen fawa-fak mai kyau har shida. Arahar tasa ma tana da dalili. Da irinsu aka yi ta haƙar kuɗin intanet dare da rana, da Ethereum, ɗaya daga cikin kuɗaɗen nan, ta daina haƙa da katin girafik a Satumban 2022 sai aka juye su kasuwa. Da yawa daga cikin masu sabon kwali da sunan kamfanin da ba ka taɓa ji ba, tsohon guntu ne aka yi wa sabuwar riga. Wasu kuma RX 580 2048SP ne, wanda aka yi don kasuwar Sin, ƙwayoyinsa 2048 maimakon 2304, wato RX 570 ne ya ari sunan yayansa.

Da ni ne, zan fara da kwamfuta biyu masu 1050 Ti ko 1650, in ga yadda wata ɗaya zai kasance kafin in ƙara. Kuma ka kula da furosesa. FIFA 23 i5-6600K, na ƙarni na shida, ya rubuta a matsayin mafi ƙaranci, don haka in ka sa kati mai kyau a kan i5 na ƙarni na uku, ka sayi doki ka ɗaure masa ƙafa.

Assalamu alaikum malam mai gyara. Ɗana ya tara kuɗin sallarsa da na aikin hutu ya sayi wani abu ta intanet, wai GTX 1050 Ti. Ya ce rabin kuɗin kasuwa ya same shi. Tunda ya sa, da ya fara wasa sai allon ya yi zane-zane ya mutu. Yau kwana uku ba ya cin abinci sosai. Ni ban san komai a kai ba. Kwamfutar ce ta lalace? (Wata uwa, Rikkos)

Wa alaikumus salam Hajiya. Ki kwantar da hankalinki, da wuya a ce kwamfutar ce. Ki ce masa ya kashe ta, ya zare katin, ya mayar da wayar monita ramin da take a da. In ta tashi lafiya, to laifin katin ne.

Ban ga katin ba, amma zan iya siffanta miki shi. Ki ce ya duba bayansa inda ake jona waya. In akwai rami mai launin shuɗi mai ƙananan huji goma sha biyar, wanda muke kira VGA, to kusan tabbas jabu ne, domin katunan GTX na wannan jerin ba sa zuwa da shi. Abin da 'yan damfara ke yi shi ne su samo tsohon kati na wajen 2010 ko 2011, irin su GTS 450 ko GTX 550 Ti, su canza rubutun da ke cikin ƙwaƙwalwarsa yadda zai gaya wa kwamfuta cewa shi 1050 Ti ne mai giga 4. Alhali giga ɗaya gare shi, wani lokaci biyu. Muddin ana kallon bidiyo ko rubutu, ba a gane komai. Da gem ya nemi ya ajiye kaya a giga ta uku da babu ita, sai allo ya wargaje. Zane-zanen da kike gani ke nan.

Ki gaya masa kada ya ji kunya, ni da nake wannan sana'a an taɓa yi mini. Wani mai kawo mana kaya ya zo da guda biyar a cikin kwali masu sheƙi, ranar ana sauri, na jona ɗaya na ga Windows ta rubuta sunan daidai, na biya. Da daddare na zauna na kwance fankar ɗaya don in sa masa sabon man sanyaya guntu, ina goge tsohon da auduga sai lambar da ke jikin guntun ta fito: GF106. Na Fermi ke nan, ba GP107 da ya kamata in gani ba. Na daɗe zaune da audugar a hannu. Washegari lambar mutumin ba ta shiga, har yau kuma ba ta shiga ba. Biyu daga ciki suna nan a kan kanta, ina nuna wa yaran da nake koya wa aiki.

Manhajar GPU-Z da na ambata a sama tana gane yawancin irin waɗannan, takan rubuta kalmar jabu da Turanci a gaban sunan katin. Ya ɗauki hoton wannan, da hoton bayan katin, ya tura wa dandalin da ya saya ya nemi a mayar masa da kuɗinsa, in lokacin mayarwa bai wuce ba. In hannu da hannu aka yi da wani a WhatsApp, sai dai addu'a. Katin kansa wani lokaci ana iya mayar masa da ainihin sunansa ya yi aikin nuna hoto da ƙananan gem, amma aiki ne mai cin rai kuma ba kullum yake yiwuwa ba. Ya kawo in duba masa, ba sai ya biya kuɗin dubawa ba. Amma ya ci tuwo tukuna.

Yallaɓai, kwamfutata HP ce mai i5-8500, ba ta da kati. Na ga GT 710 mai giga 2 da araha. Zai taimaka wa yara da gem? (Ma'aikacin gwamnati, Bukuru)

A'a, ranka ya daɗe. Abin nuna hoton da ke cikin furosesarka, UHD 630, ya fi GT 710 ƙarfi. In ka sa shi, ka biya kuɗi ne don ka koma baya. Amfanin GT 710 shi ne ƙara monita ta biyu ko ta uku, ko ceto kwamfutar da ba ta da wajen jona allo. In ram ɗinka sanda ɗaya ce, ka sa kuɗin ka ƙara ta biyu irinta, za ka ga bambanci a gem fiye da abin da katin nan zai ba ka.

Malam, na ji an ce Nvidia ta daina kula da su 750 Ti da 1050 Ti. Nawa 1050 Ti ne, shekara huɗu yana hannuna, kuma kwanan nan yana zafi yana ƙara. Mutuwa zai yi? In sayar tun da sauran daraja? (Wani mai ɗinki, Gangare)

Abu biyu ka haɗa, maigida, kuma ba su da alaƙa. Batun direba gaskiya ne. Katunan Kepler, irin su GT 710 da GT 730 mai 384, an daina yi musu direban sababbin gem tun 2021. Su 750 Ti da 1030 da 1050 Ti kuma nasu ya tsaya a ƙarshen 2025, sai gyaran tsaro da kamfanin ya ce zai ci gaba da fitarwa har 2028. Wannan ba ya nufin katin zai daina aiki. Duk gem ɗin da kake bugawa yau zai ci gaba da tafiya yadda yake. Sababbin da za su fito ne ba za a gyara musu hanya ba, kuma yawancinsu dama sun fi ƙarfinsa.

Zafi da ƙara kuwa, ƙura ce. Mutanen Jos muna samun sauƙi saboda sanyin gari, kwamfuta ba ta wahala a nan kamar a Kano ko Sakkwato, sai mu manta cewa hunturu yana shigo da ƙura ta kowace kafa. Kai kuma shagon ɗinki gare ka, ga burbushin yadi da zare. Na taɓa buɗe katin wani tela na zaro abin da ya yi kama da audugar katifa daga tsakanin haƙoran ƙarfen sanyaya, har da jan zare ya naɗe a gindin fanka.

Ka kashe, ka zare waya daga bango, ka cire katin. Ka danne fankar da yatsa kada ta juya, sannan ka hure ta da bulowa ko ka bi ta da busasshen burushin fenti. Kada ka bar iska ta yi ta wulwula ta, yana kashe ta. In ka iya, kwance sukurori huɗun da ke bayan guntun, ka goge busasshen man da sifirit, ka ɗiga sabo kamar ƙwayar masara, ka mayar ka ɗaure su a gicciye, kaɗan-kaɗan. Kada ka sa man goge baki, na ga wanda ya yi. Bayan haka ka buɗe GPU-Z kana gem, in zafin yana wasa tsakanin digiri 60 da 75 to lafiya lau, in yana haura 85 fankar ce ta gaji, ana samun irinta a canza. Sannan ka ɗaga kwamfutar daga ƙasan teburin yanka, ka ɗora ta a kan benci can gefen da ba a karkaɗe yadi.